Amsa ga Ɗana a Kan Tagar Leƙen da Ake Ɗora wa Kyamara

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ga hoton tsohuwar kyamarar da ka saya tare da gilashinta mai milimita 21, wato mai faɗin gani. Idan na fahimce ka, tambayarka biyu ce: me ya sa tsofaffin masu hoto suke ɗora wata 'yar tagar leƙe a saman irin wannan kyamara alhali tana da tata, kuma me ya sa suke ɗaga ta su danna ba tare da sun tsaya saita nisa ba. Ka ce kana zargin burga ce aka gada. Ban musa ba akwai masu yi don a gan su, amma asalin al'adar yana cikin ƙirar kyamarar kanta.

A kyamara mai awon nisa, wadda Turawa suke kira renjifainda, idonka ba ya bi ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton. Tagar da kake leƙawa daban take, kuma a cikinta akwai wasu fararen layuka da suke nuna maka iyakar abin da zai shiga fim. Lokacin da kyamarar Leica M3 ta fito a Jamus a 1954, layukanta na gilashin milimita 50 da 90 da 135 ne kawai. M2 da ta biyo baya ita ta kawo na 35, sai kuma da aka shiga shekarun 1980 aka sami na 28 a jikin M4-P. Gilashinka kuwa yana kwasar digiri 90 daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan ninki biyu na abin da mai milimita 50 yake gani, saboda haka idan ka dogara da tagar kyamara za ka wanke hoto ka tarar da mutane da kaya a gefe waɗanda ba ka san sun shigo ba. Wannan ne ya sa ake yi wa irin waɗannan gilasai tagar leƙe tasu ta daban, a zura ta a mazaunin da ke saman kyamara. Ku yaran yanzu kun san mazaunin nan da filasha, alhali tun kafin filasha ta zauna a wurin an yi shi ne domin ɗora irin waɗannan kayan.

Za ka iya cewa me ya kai mutane ga wannan wahala. Dalili shi ne kyamara mai awon nisa ba ta da madubin nan da ke bayan gilashi a cikin wasu kyamarori, wanda yake nuna wa ido abin da gilashi yake gani sannan ya ɗaga lokacin ɗaukar hoto, don haka maƙera suna da damar tura gindin gilashi can ciki har ya kusa taɓa labulen da ke gaban fim. Da wannan dama Ludwig Bertele ya ƙera wa kamfanin Zeiss gilashin Biogon mai milimita 21, wanda ya fito a 1954 domin kyamarar Contax, sannan a 1958 Leica ta samu Super-Angulon daga kamfanin Schneider. Gilasan ƙanana ne, kuma ba sa lanƙwasa layin gini yadda masu faɗin gani na kyamarori masu madubi suka riƙa yi a wancan zamani. Har kamfanin Nikon, da ya fitar da nasa mai milimita 21 domin kyamararsa mai madubi a 1959, sai da ya sa a ɗage madubin a kulle shi sama, a koma ga tagar leƙe ta waje. Idan naka mai dogon gindi ne, kada ka taɓa ajiye shi a kan tebur ba murfin baya, kuma kada ka yarda da awon hasken da kyamara za ta ba ka kafin ka gwada, domin gindin yana iya tare shi.

Batun rashin saita nisa kuwa lissafi ne. Duba jikin gilashin, za ka ga lambobi a jere hagu da dama na wani ɗan layi, su ne suke nuna daga ina zuwa ina abu zai fito da kaifi a hoto. Idan ka rufe ƙofar haske zuwa 8, ka murɗa nisa zuwa mita 2, to duk abin da ke tsakanin kusan mita 1 daga gabanka har iyakar ganin ido zai fito da kaifi. Mu tun daga gida muke saitawa haka da safe, sauran aikin ya rage ga ƙafa da ido. Abin ya kai ga cewa a 1999 kamfanin Cosina na Japan, da sunan Voigtländer, ya fitar da kyamarar Bessa L wadda ba ta da tagar leƙe ko awon nisa ko kaɗan a jikinta, tare da gilashi mai milimita 15 da yake ganin digiri 110, kuma mutane suka saya suka yi aiki da ita lafiya lau.

Amma akwai abin da tagar waje ba za ta nuna maka ba, kuma a nan ne sabon shiga yake shan kunya. Na taɓa ɗaukar rabin fim a wajen ɗaurin auren wani abokina murfi yana rufe da gilashi, ni kuwa ina ta leƙe ina ganin ango da jama'arsa fes, ina ta gyara musu tsayuwa. Sai da wani yaro ya ja mini riga ya nuna bakin kyamarar da yatsa. Tun daga ranar, da zarar na fito da kyamara murfi yake shiga aljihu. Haka nan yatsanka, da igiyar kyamara, da bakin hannun rigarka, da inuwarka idan rana tana bayanka, duk suna iya kutsowa kusurwar hoto ba ka gani ba. Tagar kuma tana zaune sama da gilashi, don haka idan abu yana kusa sosai abin da ka gani da abin da fim ya gani ba za su zama ɗaya ba, sai ka bar ɗan sarari a gefuna.

Sannan ka riƙe kyamarar a miƙe. Ka ɗan ɗaga bakinta sama kaɗan, za ka ga bangon zaure ya kishingiɗa baya, hasumiyar masallaci kuma kamar za ta kife. Shi ya sa wasu suke haɗawa da ɗan ma'aunin ruwa irin na magina. Kada kuma ka sa babban mutum a gefen hoto, domin gefe yana jan fuska ya faɗaɗa ta, rawani ya koma kamar faifai, kuma ba kowane dattijo ne zai karɓi bayanin cewa laifin gilashi ne.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan gilashi yana nesanta komai. Idan ka tsaya cikin 'yan kallo a hawan sallah, dawakin za su fito kamar tururuwa a tsakiyar fili. Ba ya ba ka hoto sai ka matsa har mita ɗaya ko biyu daga mutum, inda zai ji numfashinka, kuma a irin wannan kusanci ba a satar hoto. Saboda haka al'adarmu ita ce ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, idan da hali ka zauna a tabarma ɗan lokaci kyamara tana kan cinyarka har a saba da ganinta. Idan aka ce a'a, musamman a inda mata suke, ka mayar da ita jaka ba gardama.

Idan wata rana ka ɗora gilashin a kan kyamarar dijital, kada ka tsorata in ka ga gefunan hoto sun yi duhu ko sun ɗauki launin shuɗi da ja, domin haske yana faɗa wa na'urar da take karɓar hoto a madadin fim a karkace, abin da fim bai damu da shi sosai ba. Yanzu dai ka nemi tagar milimita 21, ka tabbatar ta kama mazauninta da kyau don suna yawan zamewa su faɗi, ka ƙarar da fim ɗaya a cikin gida da lungun unguwarku, sannan ka kawo mini hotunan mu duba tare idan ka zo hutu. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.