Ba Amurka kaɗai ta kwashi masanan Jamus ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Amurka ce kaɗai ta ɗebi injiniyoyin Hitila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A'a, wawaso aka yi.

Ita dai Amurka ta kwashi sama da 1,600 a shirin da ta kira Paperclip. Cikinsu har da Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera rokar V-2 da aka yi wa Landan ruwanta, daga baya kuma ya jagoranci ƙera Saturn V, rokar da ta kai mutum duniyar wata a 1969. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fursunoni aka tilasta wa harhaɗa V-2 ɗin a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa na sansanin fursunonin Nazi mai suna Mittelbau-Dora, dubbai suka mutu, amma aka kau da kai saboda ana buƙatar ƙwaƙwalwar von Braun.

Rasha kuwa ba ta tsaya lallashi ba. A daren 22 ga Oktoba 1946 ta loda ƙwararru fiye da 2,000 da iyalansu cikin jiragen ƙasa, sai Tarayyar Sobiyet.

Wasu da ƙafarsu suka tafi. Kurt Tank, injiniyan jiragen sama, ya je Ajantina a 1947 ya ƙera wa shugaban ƙasar, Peron, jirgin yaƙi Pulqui II, sannan ya zarce Indiya. Gamal Abdul Nasir na Masar ma ya ɗauko wasu suka yi masa rokoki.