Amsa ga 'yar uwar da lambar anti-TPO ta tsorata

Wa alaikumussalam 'yar uwa, sannu da jiki. Kin ce an yi miki gwajin jini na tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya), TSH ɗinki (sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki) ya yi ƙasa sosai, T4 (sinadarin da tayirod ke zubowa) ya hau, anti-TPO ya wuce 600, TRAb ma ya nuna (su biyun nan sinadaran garkuwar jiki ne da ke juyowa kan tayirod), kuma likita ya ajiye miki zaɓi uku, maganin sha ko aidin mai radiyeshan ko tiyata, kin rasa na ɗauka. Ni ma haka na zauna da takardata a hannu ina kuka, ga rama ga rawar hannu ga zuciya na dukan uku-uku.

Wannan 600 ɗin kar ya hana ki barci, wallahi ba shi ne ma'aunin tsananin ciwon ba. Anti-TPO alama ce kawai cewa garkuwar jikinki tana taɓa tayirod ɗin, an fi ganinsa a Hashimoto (ciwon da ke rage aikin tayirod) amma masu Graves (ciwon da ke sa ta aiki fiye da kima) da yawa suna da shi, har wasu masu lafiya ma. TRAb ɗin ne abin dubawa, shi ke zuga tayirod ta yi ta zubo sinadari ba tsayawa, shi ya sa aka ce miki Graves ne.

Ni kabimazol na fara (maganin da ke rage sinadarin tayirod), da furofuranolol saboda bugun zuciya (in kina da asma ki faɗa tun kafin a rubuta miki shi). Ana shan kabimazol wata 12 zuwa 18, ana gwajin jini duk sati 4 zuwa 6 da farko, kuma TSH yana daɗewa bai taso ba ko da T4 ya daidaita, kar ki ce magani baya aiki. Abin da nake roƙonki don Allah, duk ranar da zazzaɓi ya zo miki da ciwon maƙogwaro, ko idonki ya yi rawaya, ki ajiye maganin ki je a duba jini a ranar, don yana iya karya fararen ƙwayoyin jini ko ya taɓa hanta. Ba kasafai ba ne amma ba abin wasa ba ne.

Kusan rabin mutane ciwon na dawo musu bayan sun daina, ni ma ya dawo, kuma an auna TRAb ɗina kafin in daina yana sama, ashe gargaɗi ne. Daga nan na sha aidin mai radiyeshan wanda ke kashe tayirod ɗin, yanzu lebotairosin (madadin sinadarin tayirod) nake sha kullum da safe har ƙarshen rayuwa kuma alhamdulillahi lafiya lau. Amma shi aidin mai radiyeshan ɗin ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, sai an yi wata 6 kafin a ɗauki ciki, in kuma idanunki sun fara fitowa yana iya ƙara su. Tiyata an fi yi wa mai babban maƙoƙo.

In kina neman haihuwa kwanan nan ki gaya wa likitan tun yanzu, a watanni ukun farko na ciki ana barin kabimazol a koma wani magani mai suna PTU. Allah ya ba ki lafiya.