Tambaya da Amsa: Yadda Za a Ceto Tsofaffin Kaset-kaset na Mawaƙan Sudan da Masar

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kwali cike da kaset-kaset na mawaƙan Sudan da Masar, masu jita da ƙaho irin na shekarun 1970. Wasu sun yi fari-fari. Na ji ana sake fitar da irinsu a Turai. Yaya zan yi kada su lalace? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa Baba. Abin da ka ji gaskiya ne. Kamfanin Habibi Funk da ke Jamus, wanda ya soma aiki a 2015, ya sake fitar da kiɗan Sharhabil Ahmed na Sudan da Ahmed Malek na Aljeriya, don haka kwalin nan abin tattali ne.

Malam, kada ka yi saurin kunna su. Farin da ka gani fumfuna ce, laimar damina ta haifar da ita, kuma kaset ɗaya mai fumfuna zai shafa wa rikoda, rikoda ta shafa wa sauran. Ware masu fumfunar daban, ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana lanƙwasa kaset. Sannan ka ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kowanne, don kada a yi kuskuren ɗaukar magana a kai. Sa biro ka juya zaren a hankali. In ya cije, dakata, ja da ƙarfi tsinke shi zai yi.

Leƙa ƙarƙashin zaren, akwai ɗan soso da ke danna shi jikin hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin. Yakan faɗi idan gam ya tsufa, sai sauti ya dushe. A ciro na wani kaset a manna. Goge hed da tayar roba da auduga da sifirit irin na masu gyaran waya. Idan murya na rawa, bel ne ya saki, masu gyaran rediyo a Sabon Gari za su canja. Idan kuma siririn sauti irin ƙarar kuge ya ɓace, a juya ɗan sukurun gefen hed kaɗan-kaɗan, ana saurare, har ya fito tas.

Wajen kwafa zuwa kwamfuta, yi amfani da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye sautin a tsarin fayil na WAV, da saitin inganci 24-bit, 48kHz, domin MP3 na zubar da wani ɓangare na sautin. Kunna rikoda da batir, wutar NEPA da janareta kan shigo da gurnani. Ɗauki hoton bangon kowane kaset, a nan sunan mawaƙi da kamfani suke.

Batun sayarwa kuwa, kaset naka ne, amma waƙar ta mai ita ce ko magadansa. Masu sake fitarwa na ƙwarai sai sun nemo su, sun yi yarjejeniya a rubuce kan rabon riba, kafin su buga ko da faifai ɗaya.