Me Ya Sa Tafiyar Kilomita 400 A Jirgin Sama Take Cin Fiye Da Awa Guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan zirga-zirga tsakanin wasu ƙananan filayen jiragen sama guda biyu, kuma taswira ta nuna nisan da ke tsakaninsu kusan kilomita 400 ne. Na ji an ce jirgi yana gudun kilomita 800 a awa, don haka a lissafina minti 30 ya isa, amma kullum tikitina awa ɗaya da minti goma yake nunawa. Ina ragowar lokacin yake tafiya?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafinki bai ɓaci ba, sai dai abin da kamfanin jirgi yake rubutawa a tikiti shi ne lokacin da ke tsakanin janye jirgi daga inda fasinjoji suka shiga har zuwa tsayawarsa a inda za su sauka, kuma a cikin wannan akwai mintunan da jirgin bai ma bar ƙasa ba. Ki tuna yadda ake rufe ƙofa, a turo jirgin baya, ya yi ta gangarawa a hankali zuwa bakin titin tashi, sannan ya tsaya jiran izinin masu kula da zirga-zirgar jirage, wani lokaci a bayan wasu jirage biyu ko uku.

Gudun da aka gaya miki kuwa na can sama ne, bayan jirgi ya gama hawa ya daidaita. Jirgi kamar Boeing 737 yana yin kusan kilomita 840 a awa a wannan matakin, amma a ƙasashe da yawa doka ta hana shi wuce kimanin kilomita 460 a awa muddin bai kai tsayin ƙafa 10,000 ba. A gajeriyar tafiya irin taki, da ƙyar jirgi zai daidaita kafin matuƙi ya fara saukowa, shi ya sa hawa da sauka suke cinye mafi yawan lokacin. Idan kuma jirgin mai farfela ne, irin ATR 72 da ake yawan amfani da shi tsakanin ƙananan filaye, gudunsa bai wuce kusan kilomita 510 a awa ba, kuma a ganina wannan ne abin da ya fi dacewa ki fara bincikawa.

Nisan da taswira ta ba ki ma miƙaƙƙen layi ne, alhali jirgi yana bin hanyoyin da aka tsara masa, kuma yakan zagayo domin ya sauka yana fuskantar iska. Iskar ce kuma take sa zuwa da dawowa su bambanta, domin wadda ta turo jirgi daga baya tana rage masa lokaci, wadda ta tare shi daga gaba tana ƙara masa. A kan duk wannan, kamfanoni suna ƙara 'yan mintuna a jadawali don kada ƙaramin jinkiri ya sa a ce sun makara.

Idan za ki haɗa da wani jirgin a filin da za ki sauka, ki yi lissafi da lokacin isowa da ke kan tikitin, ki kuma bar tazarar da za ta ishe ki karɓar kaya.