Tambaya da Amsa: Me ya sa masu tseren sadaka ke keta sahara da ƙananan tsofaffin motoci?

Tambaya: Nakan ga hotunan Turawa cikin 'yan ƙananan motoci da suka sha jiki, an lulluɓe su da sitika, wai sun taso daga Ingila za su Mongoliya ko Gambiya don tara kuɗin sadaka. Me ya hana su shiga Land Cruiser? Kuma yaya motocin ke kai su?

Amsa: Malam, dokar tafiyar ce ta hana. A Mongol Rally, wanda aka fara a 2004, an daɗe ana bin ƙa'idar kada injin motar ya wuce lita 1.2, ga tafiyar kusan kilomita 16,000, ba kuma motar agaji da ke bin kowa a baya. Shi ya sa Nissan Micra da Fiat Panda da Suzuki Alto suka cika wurin. Na Plymouth zuwa Banjul kuwa, wanda Julian Nowill ya ƙirƙiro a 2002, ƙa'idarsa ta asali ita ce kada kuɗin motar ya haura fam 100, na gyara fam 15. In an isa Banjul a yi gwanjon motocin a ba ƙungiyoyin agaji kuɗin. Can an fi neman mai sitiyari a hagu, don Gambiya ba ta karɓar na dama. A 4L Trophy ta ɗaliban Faransa, Renault 4 kaɗai ake shiga da ita zuwa Maroko, ɗauke da kayan makaranta.

A ganinmu ko ba doka, zaɓin na da hikima. Motar da ba ta cika na'urori ba, duk bakaniken bakin hanya zai iya kwance ta ya ɗaura. Wannan ne ya sa masu bi ta Muritaniya ke son tsohuwar Marsandi 190 mai dizal ko Fijo 504 da 505: kayan gyaransu na nan a garejin kowane gari.

Ƙarancin ƙarfin inji ba kasafai yake tsayar da su ba. Lodi ne babban abokin gaba. Ƙaramar mota irin Micra ba ta ɗaukar fiye da wajen kilo 400, har da mutanen ciki. Ƙarti uku sun cinye fiye da rabi. A ƙara jarkokin mai biyu masu lita 20, ruwan sha, taya biyu na ko-ta-kwana da tanti, sai bayan motar ya zauna. Daga nan shokozoba ta yi zafi a hanya mai gargada ta zubar da manta, sifirin ya karye. Mutane kan jibga kaya a saman rufi, alhali yawancin irin waɗannan motoci kilo 50 zuwa 75 ne iyakar abin da rufinsu ke ɗauka. Mai nauyi a ƙasa ake sa shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Sai ƙarƙashin motar. Tsakaninta da ƙasa bai fi santimita 15 ba, kuma kaskon bakin mai ne ke fara cin karo da dutse. Ya tsage, mai ya tsiyaye, cikin 'yan mintoci inji ya buga. Maganinsa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko na alminiyom milimita 5 zuwa 6, a ɗaure shi da kusoshi a jikin firam, a bar 'yar tazara tsakaninsa da kaskon. In ya manne da shi, dukan dutsen zai ratsa kai tsaye, an yi aikin banza.

Zafi ma na kashe su. Kafin tashi a wanke lagireto, a sauya robobin ruwa da fambel, a tabbatar fanka na tashi a kan lokaci. Allurar zafi ta haura, a tsaya. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, gasket zai ƙone. Matacin iska kuma a kakkaɓe shi kullum in ana cikin ƙura.

A rairayi ana rage iskar taya daga wajen 30 zuwa 15 a ma'aunin mai faci, a tafi da giya biyu ba tsayawa. Motar ta kafe, a sauka a tona a tura. Masu ta da inji suna wasa da kuloci su ne ke ƙone shi. Rashin nauyin ƙaramar mota a nan yake amfani, mutum huɗu sun isa su fitar da ita.

A kan tsaunuka kuwa, inji kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. A mashigar tsaunin Ak-Baital ta hanyar Pamir a Tajikistan, inda wasu masu Mongol Rally kan bi, mai tsayin mita 4,655, fiye da sulusin ƙarfin ya tafi, sai giya ɗaya, wani lokaci ma fasinjoji su sauka su taka.