Da sanɗa ake fara gina ɓarawo mai siddabaru

Yaro, na ga takardar da ka bar mini a kanta. Ka ce ɗaya daga cikin ɗaliban Samaru da za su zauna teburinka ranar Asabar ka jagorance su a Dungeons & Dragons, wasan labari da jefa ƙwaya, yana son jarumin da zai shiga gida ba a ji motsinsa ba, ya buɗe kwaɗo ba makulli, kuma ya ɗan taɓa sihiri. Kai kuma ka raba masa matakai ukun farko gida uku: ɓarawo, masanin sihiri, mawaƙi, kana tambaya ko hakan ya yi. Bai yi ba. Wanda aka raba haka, sai abokan tafiyarsa su kai ga manyan baiwar gidansu a mataki na 3, shi yana nan tsaye a bakin ƙofa uku bai shiga ko ɗaya ba. Ɗauko sabuwar takarda.

Da dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar, na 2014, nake magana, don da su muke aiki a nan. Gyaran 2024 ya sauya wasu abubuwa, kada ka gauraya biyun a tebur ɗaya.

Ka bar shi ɓarawo zalla har mataki na 3, sannan ya ɗauki reshen siddabaru. Dalilina yana cikin lissafi. Lambobi shida littafi ya ba ka ka raba: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Sa 15 a zafin nama, 14 a basira tunda da ita sihirinsa ke aiki, 13 a juriya, 12 a hankali, 10 a kwarjini, 8 a ƙarfi. Mai sanɗa ba dambe ya zo yi ba. In ya zaɓi ƙabilar elf, wasu halittun almara masu kama da mutane, reshen da ya gaji karatun sihiri, zafin nama zai koma 17, basira 15, ga gani a duhu kyauta. A mataki na 4 ya ƙara ɗaiɗai a kowanne, su zama 18 da 16.

Tun ranar farko ɓarawo na da fasahohi huɗu daga gidansa, kuma an ba shi damar ninka ladan ƙwarewa a kan abu biyu. Ya ninka a sanɗa da kayan buɗe kwaɗo. To duba: zafin nama 17 ya ba shi 3, ninkin ya ba shi 4, ya zama 7 kafin ƙwaya mai fuska 20 ta bar hannunsa. Mai gadi na gama-gari a littafin dodanni, lurarsa 12 ce, kuma sai jimillar ta haura ta. Ke nan ƙwaya ta nuna 6 ko sama da haka ya wuce, sau uku cikin huɗu ke nan. Masanin sihiri mai zafin nama 14 da bai koyi sanɗa ba sai ya nemi 11, rabi da rabi. Kuma wannan 7 ɗin ba ya ƙarewa. Ɓarawo mai siddabaru a mataki na 3 gurbin sihiri biyu kacal gare shi, wato sau biyu zai yi sihirin da ba ƙarami ba, kafin ya yi dogon hutu, amma sanɗa yana iya yinta daga magariba har asuba.

Ga inda sababbin jagorori ke tuntuɓe, nan nake so ka buɗe kunne. Yawancin sihirin wasan nan sai an furta kalma, kuma ba a furta kalma a cikin zuciya. Duk ɗan wasan da ya laɓe bayan ƙofa ya ce zai yi sihiri, abin da za ka fara dubawa shi ne ko akwai furuci a cikin sharuɗɗansa. In akwai, mai gadin da ke kusa zai iya ji, kuma haƙƙinka ne ka faɗa masa tun bai yi ba, kada ya ga kamar tarko ka ɗana masa. Shi ya sa nake matsa wa kowa ya ɗauki ƙaramin siddabarun nan da ke ƙirƙirar sauti ko siffar wani abu na minti ɗaya. Motsin hannu da ɗan gashin tunkiya kawai yake buƙata, baki a rufe. Ya sa a ji tarin mutum a can ƙarshen zaure, masu gadi su nufi can, shi ya bi ta nan. Hannun nan na sihiri kuwa, wanda reshen siddabaru ke iya ɓoyewa ya zare makulli daga aljihun wani a nisan ƙafa 30, shi sai an furta. Sai ya kira shi tun yana waje, ya tuna minti ɗaya ne ransa. Sihirin sauya kama ma haka: a furta a lungu, awa guda tana jikinsa, ba ta neman ya tattara hankali a kanta.

Ɗalibin nan zai tambaye ka layar zana, kowa ita yake tambaya. Gaya masa gaskiya, sai mataki na 7 zai same ta a wannan reshe, alhali mawaƙi da masanin sihiri suna samunta a na 3. Ka kuma gaya masa ba ta hana a ji takun ƙafa ko a ga sawu a ƙasa, dole sai ya jefa ƙwayar sanɗa, kuma da ya kai hari ko ya yi wani sihirin ta warware. In ya ji haka ya ce shi dai sihirin ya fi so, kada ka tilasta masa. Ba shi mawaƙi na makarantar sani, ka musanya basira da kwarjini. Zai samu ƙarin fasahohi uku da ninkin ƙwarewa a mataki na 3, sai dai ya rasa saurin ɓuya a tsakiyar faɗa da ɓarawo ke samu a mataki na 2, ya rasa sarar bazata. Ni na fi son ɓarawon, musamman saboda mataki na 9, inda duk wanda ya jefa wa sihiri daga maɓoya zai jefa ƙwayar kare kai sau biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta.

Sulke kuma na fata mai ƙusoshi ya isa. Manyan sulken ƙarfe ƙara suke, kuma bai ma koyi sa su ba.

Sauran aikin naka ne, ba nasa ba. Garin labarinka na ga a kan birnin Zazzau ka zana shi, da ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka. Madalla. To ka sa masa abin yi a ciki: ƙofar da ake rufewa da dare, taskar attajiri mai kwaɗo biyu, takardar da ake so a karanto a mayar ba a sani ba. In faɗa kawai ka jera musu, ka ɓata duk abin da muka gina. Kada kuma ka bar shi ya tafi leƙen asiri shi kaɗai na rabin awa sauran suna danna waya. In duka za su shiga tare, yi musu jifan taro: kowa ya jefa, rabinsu suka tsallake, duka sun tsallake. In kuwa shi kaɗai zai shiga, jifa uku ko huɗu ya ishe shi, ka dawo da magana wurin waɗanda ke jira a gindin ganuwa, ka ba su nasu tashin hankalin.

Cika takardar da fensir, ka kawo mini in duba lissafin kafin Juma'a.