Tambayi Likita: Ƙarin Jinin 'Yan Tsere da Yadda Ake Gano Shi

Wani ɗan tseren keke daga Garwa: Likita, an ce ana kama ɗan wasan da ya yi ƙarin jini ko da ba a ga komai a fitsarinsa ba. Ta yaya, alhali jininsa ne aka mayar masa?

Ɗana, haka ne. Jajayen ƙwayoyin jini su ke kai iskar oksijin ga tsoka, mai su da yawa yakan daɗe bai gaji ba. Shi ya sa wasu ke ɗibar jininsu a ajiye a firiji, gasa ta ƙarato a mayar. Wasu kuma allurar EPO suke yi, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don ya sa ɓargo ya ƙera jini. Ita allurar tun gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ake gwajin gano ta, sai dai tana saurin ɓacewa daga jiki.

Da abin ya gagara, sai aka koma bin sawu. Hukumar tseren keke ta duniya ta fara fasfon jini a 2008, WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2009. Ana ɗibar jinin ɗan wasa lokaci zuwa lokaci, sau da yawa ba sanarwa, a rubuta himogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, da yawan sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya saki, har a san ma'aunin jikinsa shi kansa. Ranar da aka ɗebe masa jini, ɓargo zai tashi haiƙan ya cike gurbi, sababbin ƙwayoyi su yi yawa. Ranar da aka mayar, himogulobin ya hau, ɓargo ya ga jini ya wadata sai ya ja baya, sababbin su ragu. Wannan hawa da sauka shi ke tona asiri, domin ɓargo ba ya ƙarya.

Wata uwa daga Marwa: Ɗana mai gudun nesa ne, ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro, ga azumi cikin zafi. Ba za a zarge shi ba?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Zazzaɓin yana fasa ƙwayoyin jini, ƙishirwa a zafin Afirilu tana sa jini ya yi kauri, zama a tudu kamar garin Iten na Kenya yana ƙara yawan ƙwayoyin jinin. Duk an san da wannan. Ana tambayar ɗan wasa ko ya je tudu, ko ya ba da jini, kuma ƙwararru uku ne ke duba bayanan, a nemi jin ta bakinsa kafin hukunci. Ki sa ya riƙa adana takardun asibiti, ko da na gwajin zazzaɓi ne. Mu nan mun saba yar da su, abin yana damuna ƙwarai.

Wani mai horar da matasa daga Njamena: An kawo mana allurar EPO, wai ba ta da illa.

Malam, don Allah kada ka bari ta taɓa jikin yaro ko ɗaya. Masu ciwon ƙoda da wasu masu ciwon daji ake yi wa ita, likita na auna jininsu. A jikin mai lafiya jini kauri yake yi, ya daskare a jijiya, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, balle yaron da ke zubar da gumi a rana. Wanda ka ga yana saurin gajiya, kai shi a auna jininsa, a duba tsutsar ciki da ƙarancin sinadarin ƙarfe.